Gayya Gwargwadon Tukunya: Tunawa da Malam Hamisu Magini

Ina kan rufin wani shago a Sandamu, guduma a hannu, ƙusoshi a baki, wayata ta yi ƙara a aljihu. Ban cika ɗaukar waya a sama ba, domin mai aikin kwano in ya raba hankali yatsansa ke biya. Ta yanke, ta sake kira. Da na duba sai na ga Kabiru ne, babban ɗan Malam Hamisu magini, Kabiru kuwa ba mai kira biyu a jere ba ne. Na tofar da ƙusoshin a tafin hannu na amsa.

"Baba Lawal," ya ce, "Allah ya yi wa Baba rasuwa yanzun nan. Za a yi jana'iza bayan Azahar."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan kwanon nan da ranar bazara ta gasa, ban ji zafinsa ba sai da na sauko. Na san Malam ba shi da lafiya, na kuma je gaishe shi ba da daɗewa ba, amma mutum ba ya taɓa gama shirin irin wannan kira. Na bar wa abokin aikina kayan, na hau babur na nufi Daura.

Mun sallace shi a ƙofar gidansa, can kusa da Kusugu, muka kai shi makwancinsa. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata. Akwai maginan gari, akwai matasan ƙungiyarmu ta ginin taimako, na da da na yanzu, akwai kuma tsofaffi daga ƙauyuka waɗanda ba wanda ya san su sai mu da muka taɓa yi musu gini. A hanyar dawowa daga maƙabarta na ɗaga kai na ga gabas ta fara haɗa gajimare, sai na tuna da Baba Tanko. Wani tsoho ne a wani ƙauye na yankin Sandamu, ruwan bara ya rushe masa ɗaki, shi da matarsa Iya Abu suna kwana a rumfar zana da leda. Iya Abu tana fama da tari, kuma duk wanda ya gan ta ya san ba za ta ɗauki wata damina a ƙarƙashin leda ba. Malam ya kwashe rani guda yana lallashin tsohon nan ya bari a gina masa ɗaki, ya ƙi. Da wannan damuwar Malam ya kwanta, da ita kuma ya tafi.

Kafin in faɗi dalilin ƙin Baba Tanko, ya kamata in faɗi wane ne Malam Hamisu da irin aikin da ya haɗa mu.

Ni kafinta ne, shi magini. Shi yake tayar da bango, ni in ɗora rufi, a haka muka saba tun muna neman na abinci. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu jinin matasa ya yi zafi, kowa yana son a ce ga abin da ya yi wa addini. Ƙungiyoyi suka yi ta fitowa a kowace unguwa, masu wa'azi, masu tsaron masallaci, masu sa ido a kan tarbiyya. Wata rana bayan La'asar ana ta muhawara a masallacinmu a kan wane aiki za a kama, sai Malam, wanda ba a san shi da magana a taro ba, ya miƙe.

"Ni ban iya wa'azi ba," ya ce. "Amma a bayan masallacin nan akwai tsohuwar da katangarta ta faɗi, duk mai wucewa yana ganin abin da take dafawa. Wanda yake neman aikin shari'a ya same ni can ranar Asabar. Ya zo da tsohon wando."

Haka ƙungiyarmu ta fara, babu suna, babu allo. Daga katanga muka koma ɗakuna, daga unguwarmu muka fita ƙauyuka. Wanda ruwa ya kayar wa da ɗaki kuma ba shi da mai tayar masa, marayu, tsofaffi, matan da mazajensu suka rasu, su muke bi. Masu hali su ba da kwano da katako, mu mu ba da jiki.

Bayar da jikin nan shi ne wahalar, domin waɗanda suke zuwa ba magina ba ne. Ɗalibai ne da teloli da 'yan acaɓa da malaman makaranta da masu shaguna, mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe tubali ba. Malam ne yake koya musu, kuma kowa daga ramin kwaɓi yake farawa, ko ɗan wane ne. Za ka naɗe wando ka shiga cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ciyawa, ka yi ta takawa har cinyoyinka su yi rawa. In ka ce ta yi, sai ya sunkuya ya danƙo, ya murza a hannu, ya miƙa maka abarka.

"Ƙasa ba ta san don Allah ka zo ba," yakan ce. "In ba ka cuɗa ta ba, kan marainiya za ta faɗo kamar yadda za ta faɗo kan kowa."

Daga nan ya koya maka mulmula tubali, ya koya maka jefa shi sama ga wanda ke kan bango, a sannu, yadda zai isa hannu ba goshi ba. Shi kansa ya sha tubali a ƙirji daga hannun sababbin zuwa, bai taɓa zagin kowa ba, sai dai ya ce, "Ɗana, gini muka zo, ba jifan Shaiɗan ba." Abin da ya fi ba matasa haushi shi ne hana su gaggawa. Suna son a fara da safe a rufe da yamma, shi kuwa in bango ya kai wani tsayi sai ya sauko ya wanke hannu, ya ce a bar shi ya sha iska. Su yi ta gunaguni, ko a jikinsa. Ya sha rushe abin da aka ɗora a bayan idonsa, yana cewa kada ka yi wa talaka ɗakin da kai ba za ka yarda ka kwana a ciki ba.

Ba zan ɓoye ba, aikin nan yana gajiyarwa, kuma ba gajiyar jiki kaɗai ba. Ka koya wa yaro har hannunsa ya faɗa, sai ya yi aure ko ya tafi Kano neman kuɗi, rani na zagayowa ka sake farawa da wasu daga ramin kwaɓi. Zafin shekarun farko ya huce, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a masallaci su ne suka fara ɓacewa. Akwai Asabar ɗin da za mu tarar da mutane har ba wurin tsayawa, akwai wadda daga ni sai shi sai jakin ɗaukar ƙasa. Na sha ce masa, "Malam, mu haƙura haka nan, ba mu muka kayar da ɗakunan nan ba." Sai ya ce to, ranar Juma'a da yamma kuma in ji sallamarsa a ƙofar shagona yana tambaya ko zartona yana da kaifi.

Amma abin da ya fi ci masa rai a duk shekarun nan ba rashin mutane ba ne. Maganar abinci ce.

Kowa ya san al'adarmu: wanda aka yi wa gayya shi yake ciyar da 'yan gayya. Mu ma da haka muka taso, don haka a farkon aikinmu ba wanda ya tsaya ya yi tunani. Mun je yi wa wata tsohuwa ɗaki a hanyar Zango, ana ce mata Gwaggo Delu, mu fiye da ashirin. Da rana ta yi aka fito mana da tuwo da miya, ga nama zuƙu-zuƙu. Muka ci muka yi ta sa albarka, Malam da kansa ya ƙara. Sai da muka zo tafiya ya lura da wani turke a gefen tsakar gida, ga igiya a yashe, ga ɗanyen kashin awaki, babu dabba.

"Gwaggo, ina akuyar?" ya tambaye ta.

"Kun cinye ta, ɗana," ta ce, tana dariya. "To da me zan tari baƙi? A ce an yi gayya a gidan Delu an tashi da yunwa?"

Akuyar ke nan gare ta. Muka koma Daura. An haɗa an saya mata wata, ta karɓa da ƙyar, amma Malam abin bai bar shi ba. Ya ce mun je rufa wa mata asiri mun cinye mata dukiya, kuma har da neman ƙari. Daga ranar ya kafa doka: ba wanda zai ƙara cin komai a gidan da ake yi wa gini, kowa ya zo da guzurinsa.

Dokar nan ta fi akuyar ɓarna. Na ga dattijo ya fito da ƙwaryar fura a hannu biyu, fuskarsa cike da fara'a, matasa suna kawar da kai suna cewa an hana su. Ya tsaya da ƙwaryar a tsakiyar gidansa bai san inda zai ajiye ta ba. A ƙasarmu in ka ƙi cin abincin mutum, ko dai kana gaba da shi ko kana ƙyamarsa, ba a san wani dalili na uku ba. Ba a daɗe ba magana ta zaga cewa 'yan ginin Daura ba sa cin abincin talaka. Wasu da muka gina wa ɗaki suka daina gaishe mu da sakin fuska.

Malam ba mai kafewa a kan kuskure ba ne. Ya janye dokar, ya fito da wata dabara. Kafin ranar gayya sai a kai hatsi da kayan miya a ɓoye ta hannun matar mai unguwa, ita ta shigar da su gidan kamar gudummawar dangi. Ranar aiki maigida ya fito da abinci a matsayinsa na maigida, mu ci, mu gode masa. Shi ya sani, mu mun sani, ba mai ɗaga maganar. Shekaru muka yi a haka lafiya lau, har zamanin da kowane yaro ya mallaki waya mai ɗaukar hoto. Wani daga cikin sababbin matasanmu, da kyakkyawar niyya, ya ɗauki hoton buhu ana shiga da shi gidan wani bawan Allah, ya watsa, har da rubutun cewa ga irin taimakon da ƙungiya ke yi. Kafin mako ya zagayo duk yankin an san tuwon gayyarmu da hatsin wa ake yin sa.

A wannan hali ne ɗakin Baba Tanko ya faɗi. Shi kuwa Baba Tanko ba ƙaramin manomi ba ne a zamaninsa. Tsofaffi suna ba da labarin gayyar gonarsa, yadda ake kwana ana daka, a yanka rago, mutum ya ci har ya kasa sunkuyawa. Yau 'ya'yansa maza sun riga shi, ƙafa ta ƙi, gonar ta koma 'yar gayauna a bayan gida. Na raka Malam wurinsa ba sau ɗaya ba. Mukan same shi a zaune a gindin darbejiya, ya tarbe mu da kyau, ya sa a kawo ruwa, amma da an taɓo maganar gini sai ya ɗaure fuska.

"Hamisu," ya ce masa a zuwanmu na ƙarshe tare, "ubanka ya ci tuwon gayyata, ka tambaya a faɗa maka. Ba zan tara mutane a ƙofar gidana in ciyar da su da hatsinsu ba, ina tsaye ina cewa ku ci ku ƙara, su kuwa suna ƙunshe dariya. Ba kuma zan tara su su tashi da yunwa ba. Ku bar ni da ledata."

"Baba, ai don Iya ne," in ji Malam. "Kana jin tarin nan."

Daga bayan zana muna jin ta. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana wasa da sandarsa a ƙasa, sannan ya ce Allah yana sane da su. Ni kam raina ya ɓaci. A hanya na ce wa Malam wannan girman kai ne kawai, tsohon zai kashe matarsa a kan tuwo. Malam ya ce, "Lawal, ɗakinsa ya faɗi, gonarsa ta tafi, 'ya'yansa sun tafi. Abin da ya rage masa shi ne a ce shi maigida ne. Kai kuma kana so mu je da mutum ashirin mu karɓe wannan ma." Ya ci gaba da zuwa shi kaɗai a kan tsohon kekensa, cikin zafin nan, har ciwon ƙirjin da yake ɓoyewa ya kayar da shi.

Da na je gaishe shi na same shi a kwance a ɗakinsa, ya rame, numfashi yana yi masa wuya. Maiɗakinsa, Yaya Hauwa, ta ce kada in bari ya yi doguwar magana. Ban kai ga zama ba ya fara.

"Lawal, na gano inda muka ɓata. Duk rani ina ta tunanin yadda za a ƙara wa Baba Tanko hatsi. Ashe mutanen za a rage."

Na ce ban gane ba.

"Ka je ka ga girman tukunyar Iya Abu. In ta mutum huɗu ce, ku je ku huɗu."

Na ce masa mutum huɗu da za su yi ta zuwa kullum ai cin nasu zai kai na ashirin, ga kuma damina a bakin ƙofa. Ya girgiza kai a kan matashi.

"Gayya ake yi wa yanka. Mutum huɗu baƙi ne, abin da gida ya ci shi za su ci. Baƙo kuwa in ya zo da 'yar tsaraba a hannu, ba wanda zai ce ya raina maigida." Ya tsaya ya yi tari, ya huta. "Ko me aka kawo muku ku cinye, ku nemi ƙari. Sau ɗaya fa, Lawal. Na san cikinka."

Muka yi dariya, har Yaya Hauwa ta leƙo ta yi mana faɗa. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe da shi.

Bayan an share makoki matasa suka same ni. Mutuwar ta taɓa su, har waɗanda suka yi shekaru ba mu gansu ba sun dawo. Sun yanke shawarar a yi gagarumar gayya a gidan Baba Tanko, kowa da kowa, a tayar da ɗakin a sadaukar da ladan ga Malam. Na dube su, sai na ji wata irin gajiya ta sauko mini. Shekara da shekaru muna roƙon hannu ba mu samu ba, yau ga hannu har ya yi yawa, kuma ni ne zan ce su koma. Na faɗa musu wasiyyar Malam. Wasu suka fahimta, wasu suka yi fushi, wani ma ya ce na mayar da ƙungiya tawa tun kafin kabari ya bushe. A ƙarshe muka daidaita cewa su su yi tubali a bakin kududdufi, nesa da gidan, su riƙa turowa a amalanke, amma ba wanda zai taka ƙofar Baba Tanko sai mu huɗu: ni, da Kabiru, da wasu magina biyu da Malam ya koyar.

Na tafi wurin tsohon ni kaɗai. Ya yi mini ta'aziyya, na yi masa.

"Baba," na ce, "ba gayya na kawo ba. Ni ne da ɗan marigayi da mutum biyu. Muna so mu riƙa zuwa muna yini a wurinka, in ka ba mu masauki."

Ya dube ni da idanun nan nasa da suka fara fari. "Hamisu ne ya ce?"

"Shi ne, Baba."

"Na gajiyar da shi har ya tafi," ya ce a hankali. Ya share fuska da hannun riga, ya juya wajen zana ya ɗaga murya. "Abu! Tukunyarki za ta ɗauki mutum huɗu?"

Aka yi tari, sannan muryarta ta fito. "Za ta ɗauka, in dai kafintan nan zai ji tsoron Allah."

Ban taɓa shan wuyar aiki irin wannan ba. Ni da na ba hamsin baya, wanda aikinsa a sama yake, sai ga ni a ramin kwaɓi ina taka ƙasa, ina jefa tubali har kafaɗata ta daina ɗaguwa. Kullum da safe kowannenmu ya zo da ɗan abin da ya samu a aljihu, wannan ƙullin daddawa, wancan ɗan manja ko goro, mu miƙa wa Iya a matsayin tsaraba, ta karɓa ta sa albarka. Da rana ta kawo abin da ya sawwaƙa, wata rana tuwon dawa da miyar kuka, wata rana fura mai ruwa-ruwa. Mu cinye tas, in miƙa kwano in ce a ƙara, Baba Tanko ya daka tsawa daga gindin darbejiya, "Abu, ba ki ji baƙi suna magana ba?" Tun daga rana ta biyu ya karɓe ragamar aikin. Shi yake cewa ga inda ƙofa za ta kalla, shi yake cewa bangon yamma ya karkace, ko da bai karkace ba.

Gabas kuwa kullum ƙara duhu take. Duk yamma sai hadari ya taso ya yi ta rugugi, iska ta kwashe shi. Ga bango yana bukatar ya sha iska kafin a ƙara masa, kuma Kabiru, da yake ɗan ubansa ne, ko tubali ɗaya ba ya yarda a ɗora kafin lokaci. Na yi masa magiya, na yi masa faɗa, ya ce in ina so in hau in ɗora da kaina. Akwai ranar da aka yi yayyafi bango bai kai ba, muka kwashe ledar rumfar tsofaffin muka lulluɓe kansa, su kuma suka fake a zauren maƙwabta. Ranar na fid da rai. Na ce a zuciyata da mun zo mu ashirin da tuni an wuce wurin, kuma in matar nan ta mutu a waje ban san abin da zan ce ba.

Allah ya ƙaddara ruwan kirki bai sauko ba sai ranar da nake kan rufi. Tun Azahar garin ya yi baƙi. Ina buga kwanon ƙarshe iska tana neman ƙwace shi, Kabiru ya kwanta a kai ya danne. Babu ƙyaure, ba a yi yaɓen waje ba, ƙasan ɗakin ko daɓe babu. Sauran biyun suka kinkimo gadon Iya Abu da kayanta suka shigar, suka riƙo ta a hankali. Ina sa ƙafa a ƙasa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka ruga gindin darbejiya mu huɗu muka raɓe, domin ɗaki ya zama na masu shi, ba a faɗa wa mutum da iyalinsa haka kawai.

Sai ga Baba Tanko a bakin ƙofa, ya dogara sanda, yana ƙwala kira cikin ruwan.

"Kafinta! Kai da mutanenka! Ana ruwa kuna tsaye a waje kamar ba ku da masauki? Ku shigo ɗakina!"

Muka shiga. Mu shida a ɗaki guda mai warin ɗanyar ƙasa, ruwa yana dukan kwano har ba mai jin maganar wani. Iya Abu tana zaune a kan gadonta a bushe, ta lulluɓa da zane. Kabiru ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa, ba wanda ya hana shi. Ni ma kukan da ban yi a maƙabarta ba a nan ya zo mini. Can sai ɗigo ya fara sauka daga kusurwar gabas, wurin wata ƙusa da na buga a karkace saboda sauri. Baba Tanko ya tura tasa da sandarsa ta tare ɗigon, ya matso kusa da kunnena.

"Gobe ka dawo ka gyara aikinka," ya ce. "Ka zo da wuri, za a ajiye maka abinci."

Na koma na gyara. Mun yi yaɓe, mun sa ƙyaure, Iya Abu tana nan da ranta, tarin ma ya yi sauƙi. Ban san ko ƙungiyar nan za ta ɗore ba. Matasan da mutuwa ta tara sun fara raguwa, ni kuma gwiwoyina sun gaji, kuma babu mai zuwa ƙofar shagona ranar Juma'a ya tayar da ni. Abin da na sani shi ne na yi rashin aboki, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Ya Allah, bawanka Hamisu ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya yi ta rufa wa bayinka asiri a duniya, ka rufa masa nasa ranar da ba wata inuwa sai taka, ka ba shi gida a Aljannar Firdausi. Ka ba Yaya Hauwa haƙuri da dangana, ka zama gatanta. Ka raya Kabiru da ƙannensa maza da mata a kan tafarkin gaskiya, ka haɗa kansu, ka buɗa musu ƙofofin halal, kada ka bar su suna neman wani abu a hannun wanda zai wulaƙanta su. Mu da muka rage, ka ba mu ƙarfin abin da ya saura, kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.